Maiwar Ɗanliti

Ɗanliti ya dawo Bagudo ana jiran ruwan shuka. Motar kaya ta sauke shi a bakin kasuwa, ya shigo gari a ƙasa, kai a aske, rigar da ya tafi da ita ta yi masa yawa. Wata tara ya yi a gidan yarin En'e, hukumar gargajiya, a Birnin Kebbi. Yana can aka sauke tutar Turawa aka ɗaga kore da fari. Abin da ya sani na mulkin kai bai wuce cewa su fursuna ne suka share filin biki ba, su ne kuma suka kwashe shara bayan an watse.

Ya yi sallama a zauren gidansu. Wansa Bunyaminu, wanda gandu ya koma hannunsa tun da mahaifinsu ya rasu, yana zaune yana sa wa hauya ƙota. Bai ajiye ba.

"An dawo?"

"An dawo, Yaya."

"To, madalla. Ina hwatan an yi hankali."

Iyakar marabar ke nan.

Bunyaminun ne da kansa ya kai shi gaban alƙali. Damina ta yi tsakiya a lokacin, matar Ɗanliti, Barira, tana jego, babu abin da za a dama mata kunu, mai gida kuma ya yi tafiya. Ɗanliti ya hau rumbun gandu ya ciro damin dawa. A gidan gandu kuwa mai gida kaɗai ke buɗe rumbu. Alƙali ma sai da ya tambaya ko za su koma su sasanta a gida, tunda ciki ɗaya suka fito. Bunyaminu ya ce a'a, a ɗaure shi ya ji a jikinsa, na baya su gani su ji tsoro.

Da magariba Atika, matar Bunyaminu, ta aiko da akushin tuwo zaure kamar kullum. Ta aiko kuma da wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki, aka ajiye ta can kusa da ƙofa. Ɗanliti ya wanke hannu ya matso wajen akushi. Bunyaminu ya nuna masa ƙwaryar da haɓa.

"Naka na can."

"Yaya, tun muna yara akushi guda muke ci."

"Mutanen garin ga da sunka je Birnin Kebbi sun gan ka da bokitin bayan gida bisa kai. Ni ba ni da ƙyama, Allah ya sani. Amma baƙo na iya shigowa."

"Ba ni na zaɓi aikin ba. Gandiroba ke rabawa."

"Ni ma ba ni na hau rumbu ba. Ci tuwonka."

Ya ci. Yunwa ba ta bar shi ya yi fushi ba.

Mahaifiyarsu, Inna Dela, tana ɗakinta na ƙuryar gida. Ta riƙe hannunsa tana juyawa, tana duban kantar da ta fito masa. Ba ta yi kuka ba sai da ta shafa tsakar kansa ta ji inda gashi ya daina fitowa. Ta ce Barira na Zagga, ubanta ya zo ya ɗauke ta da jaririn tun watan da aka yi shari'a.

"Inna, ba ki yi ma Yaya magana ba? Ko sau guda?"

Ta sunkuyar da kai. Bunyaminu ɗanta ne na fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa tsayawa gabansa ta yi masa magana baki da baki ba. A hannun kakarsa ya tashi. In tana da saƙo sai ta kira Atika ta ce, "Ki ce ma wancan." Matan unguwa na yabonta a kan haka. In ana koya wa mai cikin fari kunyar ɗan fari, da Dela ake misali.

"Na aika," in ji ta. "Sau nawa na aika."

Kashegari ya tafi Zagga. Surukinsa, Malam Lauwali, ya karɓe shi a ƙofar gida, ƙarƙashin ceɗiya. Ɗanliti ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Lauwali ya sa aka kawo masa ruwa a moɗar da kowa ke sha.

"Ɗanliti, ni ban kira ka ɓarawo ba. Wanda ya ɗebi hatsin ubanshi don ɗiyata ta sha kunu, ba da bakina za a zage shi ba. Amma ba ni maida ta gidan da za ta zauna tana kallon rumbu a ruhe. Kana da gayauna?"

"Ina da ita, Baba. Wadda marigayi ya yanka mani."

"To ka shuke ta. Ranar da na ga tsironka da idona, naka na kanka, ba na gandu ba, ni zan ɗauko Barira in kawo ma. In shukar bana ta wuce ka, ni da kai sai gaban alƙali a raba auren. Ba ƙiyayya ba ce. Yarinya ba ta zama hakanan, ba ita gidan miji ba ita gidan uba."

"Na ji, Baba."

Aka bari ya gan ta a zaure. Yaron da ya bari cikin tsumma yanzu rarrafe yake. Ya ga baƙo, ya fashe da kuka.

"Kai, sakarai, ubanka ne," in ji Barira. Ta dubi mijinta sama da ƙasa. "A rijiya matar hursuna suke ce mani. Ni ko na ce masu hursunan nawa ya hi mazansu kyau. Ban san da kai irin na tulu za ka dawo mani ba."

Ta yi dariya, shi ma ya yi. Sannan tata ta tsaya.

"Ka yi shukar nan, don Allah. Baba ba ya magana biyu."

Gayaunar tana gabas da gari. Ya same ta a share, an watsa mata taki. Ya ɗauka shi aka gyara wa, har ya koma gida ya yi wa wansa godiya.

"Godiyar mi? Gyaɗa zan sa nan. Bara da ka tahi ciyawa ta cinye ta, ni na tada ta."

"Baba ya ba ni ita da bakinshi."

"Ɗan kirki ya ba. Ka zo gandu ka yi aiki kamar kowa, tuwonka na nan. In na ga damina guda ta wuce ba ka taɓa kayan kowa ba, sai mu yi maganar gayauna."

"Damina guda? Yaya, Malam Lauwali ya ce in shukar bana ta wuce..."

"Ba Lauwali ke riƙon gidan ga ba. Don kanka nike yi. Kana tsammanin horo ya ƙare ranar da anka buɗe ma ƙohwa?"

Ruwa ya sauka, gari ya fita shuka. Ɗanliti ya riƙe sungumi a gandu tun da sassafe har rana ta take. Yana sara, mata da yara na bin sa suna jefa gero suna rufewa da diddige. In an zauna hutu sai Bunyaminu ya jawo ƙwaryar iri ya sa tsakanin ƙafafunsa. Ba a ɓoye yake yi ba. So yake a gani.

In an tashi daga gandu da azahar kowa gayaunarsa yake wucewa. Ɗanliti ba shi da inda zai wuce. Ya zaga gonakin mutane neman ƙwadago, ko ya sami abin aron fili da sayen iri. Wani ya ce ya riga ya ɗauki mutane. Wani ya ce, "Yayanka ya sani?" Wani dattijo kuma bai yi kwana-kwana ba.

"Ɗana, in hauya ta ɓace a gonata, ko ba kai ba ne kai za a ce. Hutar da kai na yi."

A masallaci ba wanda ya kore shi. Sai dai in ya tsaya a sahu, wanda ke damansa ya ɗan matsa, wanda ke hagunsa ya tuna bai ajiye takalminsa da kyau ba.

Rannan akuyar maƙwabta ta ɓace. Mai unguwa ya zo da mutane, ba su shiga gidan kowa ba sai ɗakin Ɗanliti. Suka ɗaga tabarma, suka kife tukunya, wani har ya shinshina hannunsa ko zai ji ƙarnin nama. Bunyaminu na tsaye a bakin ƙofa yana cewa, "Ku duba da kyau, ni ba ni ruhe ma kowa asiri." Da la'asar akuya ta dawo da ƙafafunta, da guntun igiya a wuya. Mai ita ya ce alhamdulillahi. Ba wanda ya taka zuwa ɗakin da aka kife.

Shukar gero ta wuce.

Ranar kasuwa yana tsaye kusa da masu hatsi, yana kallo, sai aka daki kafaɗarsa. Ango ne, mutumin bakin iyaka, wanda suka yi ɗaki ɗaya a gidan yari. A kan satar jakai aka ɗaure shi, kuma ba shi ne zuwansa na fari ba. Yana sanye da sabuwar riga, baki ja da goro.

"Ɗan bokiti! Kai ne haka? Wallahi ka hi ƙiba a hannun Yari."

"Rage murya."

"Don mi? Akwai wanda bai sani ba?"

Ya ja shi wajen mai tsire. Aka yanka a ganye ɗaya, Ango ya sa hannu, ya tura masa. Tun da Ɗanliti ya dawo Bagudo, wannan ne mutum na farko da ya ci abinci wuri ɗaya da shi.

"Aikin bai da wuya," in ji Ango yana tauna. "Ka kwance jaki nan, ka ƙetare kogin Kwara da shi, ka bi daji ka hita Dahome. Can ba mai tambayarka ɗan wane ne kai. Ka san dabba, kana da ƙahwa. Ni gwiwata ta hwara ba ni labari."

"In anka kama ka?"

"Sai in koma in gaida Yari. Zuwan hwarko ne ke da zahi, kai ma ka wuce shi. Kahin in shiga, ko ɗan doka na hango sai in sauya hanya. Yanzu hwa? Na san inda ƙohwar take, na san ƙarhe nawa ake ba da wake. Kai, mi ya rage da za su yi ma, wanda 'yan gidanku ba su yi ma ba?"

"Ni shuka zan yi."

"A ina? Bisa kan nan naka? Ko nan ma ai ba ya tsiro." Ya yi dariya, ya lashe yaji a yatsa. "In ka gaji, ka zo mashigi ka tambayi mai jirgi. Ya san inda nike."

Ɗanliti ya goge hannu ya tafi.

Shukar dawa ma ta wuce. Saura maiwa, ita ce ke jure makara, ita ma ba har abada ba.

Wata azahar yana zaune a bakin hanyar Bahindi, don ba ya son komawa gida, sai ga Gidaɗo, wani tsohon Bafillace da ke kwana da shanunsa a gonar mahaifinsu da rani tun suna yara.

"Kaɗo, gadin hanya anka ba ka? Ba ta gudu."

"Baffa, sannu da rana."

"Tashi ka biyo ni."

Ya kai shi bayan rugarsa, inda shanu suka kwana rani guda. Ƙasar ta yi baƙi wul da taki.

"Samari sun yi gaba da garke, wurin ga na zaune banza. Ka shuka. In ka girbe ka bar mani kara."

"Baffa, ka san inda na hito?"

"Duk Bagudo wa ya rage bai hwaɗa mani ba? Na ce ka bar mani kara. Iri dai ba ni da shi, nawa duk yana cikin ƙasa."

Kullum in an tashi gandu sai ya wuce can. Ya sare ƙaya, ya tara ya ƙone, ya baje takin da ya yi tudu. Da wurin ya gyaru ya sami wansa a zaure ya durƙusa.

"Yaya, na samu hili. Iri nike roƙo, na maiwa. Cikin ƙwarya guda ya ishe ni."

"Na ji labari. Ka kunyata ni, ka huta. Gari na cewa na hana ƙanena gona har bare ya ba shi."

"To ba ka hana ba?"

Bunyaminu ya dube shi.

"Ka ga abin da nike hwaɗi? Wata tara, bakin nan bai mutu ba. Iri na gandu ne. Wanda ya ba ka gona shi ba ka iri. Hita."

Ya bi maƙwabta. Kowa na da sauran iri, kowa kuma ya ba shi amsa ɗaya da kalmomi daban: ba a ba ɗan gandu iri a bayan mai gandunsa, yin haka shiga tsakanin gida ne. Ya je wajen liman. Liman ya ce haƙuri, babban wa uba ne, zai yi masa magana ranar Juma'a. Juma'a ta zo ta wuce. Ya sake komawa, liman ya ce ai bai ga fuska ba.

Gero a gonakin mutane ya kai gwiwa. Nasa filin na nan baƙi, ciyawa ta soma leƙowa.

A madafar gidan, saman murhu inda hayaƙi ke hana ƙwari, akwai zangarniyun maiwa a rataye. Inna Dela ce ta zaɓe su da hannunta lokacin girbi, kamar yadda take yi tun mijinta na da rai. An ɗebi na gandu an shuka, wannan saura ne da ake bari ko shuka ta ƙi. Da hantsi, maza na gona, Atika ta tafi rijiya, tsohuwar ta taka turmi ta ciro rabinsu. Ta shiga ɗaki ta murje su da tafin hannu, ta ƙulle a tsumma. Da Ɗanliti ya shigo shan ruwa ta tura masa.

"Ni na zaɓe su, ni na rataye. Tahi ka shuka."

"Inna, in ya tambaya hwa?"

"Zan aika."

Ya yi shukar shi kaɗai. Ya sare layi da sungumi, ya dawo ya jefa ya rufe, ya sake ɗaukar sungumi. Ƙasar na da laima. Kafin rana ta faɗi tsumman ya zama fanko. Ya roƙi matar Gidaɗo, mai kai nono Zagga, ta gaya wa Malam Lauwali iri ya shiga ƙasa, nan da 'yan kwanaki ya zo ya gani. A hanyar gida har ya ji kansa yana ɗan waƙa.

Atika ce ta lura. Ta ɗaga kai tana hura wuta, ta ga igiya ta yi sauƙi. Bunyaminu bai tambayi kowa a cikin gida ba. Ya aika aka kira mai unguwa da maƙwabta, aka cika zaure, aka kira Ɗanliti.

"Ku ne shaidata. Irin maiwa ya ragu a madahwa. Wanga kuma ya yi shuka bayan rugar Gidaɗo, duk gari ya gani. Ɗanliti, ina ka samu iri?"

Tsakanin zaure da cikin gida akwai zana. Ɗanliti na ganin ƙafafun mahaifiyarsa a ƙarƙashinta. Ya jira. Ƙafafun ba su motsa ba.

"Irin ubanmu ne," ya ce.

"Kun ji ko? Ko musu bai yi ba."

"Bunyaminu," in ji mai unguwa, "abin bai kai cikin ƙwarya ba. A bar shi a gida."

"Wancan karon dami ne, na kai shi don ya ji tsoro. Bai ji ba. In na bar wanga gobe rumbun wani zai hau, ku ce ban hore shi ba. Gobe alƙali na zama. Wanda ya maimaita ba wata tara ake ba shi ba."

Mutane suka soma tashi. Sai aka ji muryar Inna Dela daga bayan zana, ƙasa-ƙasa, tana kiran Atika. Jim kaɗan Atika ta leƙo, tana wasa da bakin mayafi.

"Inna ta ce a ce ma ita ta ciro ta ba shi."

Waɗanda suka miƙe suka tsaya. Bunyaminu ya gyara zama.

"Tsohuwa na son ruhe ma ɗanta asiri, kowace uwa haka take. Shaidar aike ba shaida ba ce. In ita ta ba shi, ga ni zaune. Ta shigo ta dube ni ta hwaɗa mani da bakinta, gaban mutane. In ta yi, na janye."

Ya san abin da ya faɗa. Duk wanda ke zauren ya sani.

Zana ta motsa. Aka ga yatsunta sun kama bakinta. Wani dattijo ya kau da kai don kada ya ga abin da bai taɓa gani ba. Ɗanliti ya ji numfashinta, kamar na wadda ta hau tudu da tulu. Shekara arba'in da wani abu tana kauce wa hanyar da ɗan nan ke bi, ana yabonta. Yatsun suka daɗe a wurin. Sannan suka saki, aka ji tafiyarta tana komawa ƙurya.

"Kun gani," in ji Bunyaminu.

Wata maƙwabciya da ke cikin gida ta ce da Atika daga baya, "Dela dai mai kunya ce, ko a nan ba ta karya ba." Yabo ne take yi.

Da asuba Ɗanliti bai fita gandu ba. Ya wuce bayan rugar Gidaɗo ya tsaya a bakin filin. Ba abin da ya fito tukuna. Ya durƙusa ya tona rami ɗaya da yatsa, ya ga ƙwayar ta kumbura ta fasa, ya mayar da ƙasa a hankali. Gidaɗo ya fito da buta.

"Na ji. Ka tsaya, in bi ka gaban alƙali in yi magana."

"Ka ce mi, Baffa? Ka ga lokacin da anka ba ni? Sai dai a jawo Inna gaban shari'a a sa ta rantse a kan ɗanta na hwari. Wancan karon ba ni da tabo anka ba ni wata tara."

"To ina za ka?"

"Inda ake ci da ni."

"Kaɗo, wannan hanya ba ta da kyau."

"Na sani. Na bi masu kyan duka, gida-gida." Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. "Ba gidan yarin nike tsoro ba, na san shi. Bokitin ne ba ni sake ɗauka don na shuka maiwa."

Ya bi ta bayan gonaki ya nufi mashigi. Da 'yan doka suka zo gida da hantsi, tabarma kawai suka samu.

Ruwa ya sake sauka. Maiwa ta fito, layi-layi, kore shar a kan baƙar ƙasa. Duk mai wucewa ta hanyar Bahindi sai ya rage tafiya ya duba.

Malam Lauwali ya cika maganarsa. Ya taso daga Zagga da sandarsa, Barira na biye da shi, goyo a baya, ƙullin kayanta a ka. Saƙon shuka kaɗai ya kai musu. Ta wajen filin suka fara bi. Lauwali ya zaga shi, ya tsuguna ya taɓa tsiron, ya ce ma sha Allahu, yaron nan manomi ne. Barira ta riga shi yin gaba.

Suka sami Bunyaminu a zaure da mai unguwa da maƙwabta. Aka gaisa. Lauwali ya ce ya ga tsiro, ya kawo wa Ɗanliti matarsa.

"Sai dai ka kai mashi ita Dahome," in ji Bunyaminu. "Ya sake sata, ya gudu. Jiya ma an kwance jakai a Bahindi, an ce an ga mai kama da shi. Ni tun hwarko na hwaɗi, wata tara ba ɗauri ba ne. Da alƙali ya ba shi shekara biyu da bai kai haka ba."

Wani ya ce gaskiya ne, ɗaurin yanzu wasa ne. Wani ya ce da bulala aka haɗa masa. Suka shiga gardama, ko shekara biyu ko uku ce ke gyara mutum. A cikinsu akwai wanda ya hana shi ƙwadago, da wanda ya shinshina hannunsa, da waɗanda iri ya rage musu a rataye har yau.

Lauwali ya bari suka lafa.

"Mi ya sata?"

"Irin maiwa."

"Wanda na gani a ƙasa?"

"Shi."

"To wa zai nome ta?"

"Gobe zan tura a yi mata noman hwarko. Irin gandu ne, amhwanin na gandu ne."

"Ka ce na sata ne. Za ka ci?"

"Irin ai bai yi laihi ba, Malam."

Barira na tsaye a waje, rana na dukanta. Ba wanda ya ce ta shigo. Daga cikin gida, bayan zana, wata tsohuwar murya ta ce, "Atika, ki ce ma wancan a ba yarinyar ruwa." Atika na daka, ba ta ji ba, ko ta ji.

Lauwali ya dafa sanda ya miƙe. Ya tambayi mai unguwa ranar da alƙali ke sake zama, aka gaya masa. Ya fito ya dubi 'yarsa.

"Mu tahi."

"Baba, ai ta tsiro. Ka gani da idonka."

"Na gani."

Ta tsaya kamar za ta ƙara magana. Yaron ya motsa a bayanta, ta gyara goyo da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da ƙullin da ba ta sauke ba tun daga Zagga. Ta juya ta bi ubanta.